Yadda ake cin dim sum a Guangzhou, a ƙoshi, kuɗi su yi albarka

Shekaru na yi ina zuwa birnin Guangzhou da ke kudancin Chaina saro kaya, kuma a tafiyoyina na farko abincina bai wuce shinkafar Larabawa da taliyar Lanzhou da ake sayarwa a unguwar Xiaobei ba. Haka yawancinmu muke yi. Mutum ya kwana ashirin a garin da duniya ta sani da dim sum, ya koma gida bai ko ɗanɗana ba, wani don tsoron alade, wani don an ba shi labarin tsada. Duka biyun suna da tushe, kuma duka biyun akwai hanyar kauce musu.

Dim sum ƙananan kayan ci ne da ake kawowa uku-uku ko huɗu-huɗu. Galibinsu turarawa ake yi a cikin ƙananan kwandunan gora, kamar yadda ake turara dambu a madambaci, wasu kuma a soya, wasu a gasa. Mutanen garin ba sa cewa za su je cin dim sum, cewa suke za su je "yam ca", wato shan shayi. Riƙe wannan, domin a kansa aka gina farashin gaba ɗaya: zama ne na shayi da hira, abinci yana zuwa kaɗan-kaɗan. Wanda ya shigo da niyyar cika ciki cikin minti goma shi ne yake fita yana cewa an cuce shi.

Abin da za ka tanada

Abokan ci. Mutum huɗu ya fi dacewa, saboda kwanduna da yawa guda huɗu ne a ciki, kowa ya ɗauki ɗaya. Mutum uku ko biyar ma ba laifi. Mutum ɗaya kuwa da ya ci kwando uku ya ƙoshi, bai ga komai ba.

Waya mai fassara hoto. WeChat, manhajar waya ta Chaina, yana da wurin da za ka haska rubutu ya fassara maka, kuma yana aiki a kan layin Chaina, inda kayan Google ba sa buɗewa.

Hoton kalmomi biyu a cikin wayar: 清真, ana karanta shi "cing jen", ma'anarsa halal, da 猪, alade.

Tsabar kuɗi na yuwan, kuɗin Chaina, ko da kana da manhajar biyan kuɗi ta waya irin Alipay ko WeChat Pay. Katin banki yakan ƙi a lokacin da ba ka zata ba.

Ƙunshin tishu naka, da biro, da kamar awa ɗaya da rabi wanda babu mai jiranka a kasuwa.

1. Zaɓi gidan tun kafin ka bar masauki

A nan komai yake gyaruwa ko ya lalace, don haka zan daɗe a kai.

A gidan dim sum na gama-gari alade yana cikin kusan komai, har inda ido ba ya gani. Akwai abubuwa huɗu da ake ɗauka su ne manyan dim sum: ha gau, siu mai, ca siu bau da dan tat. Ca siu bau gasasshen naman alade ne a cikin burodi. Siu mai niƙaƙƙen alade ne da jatan lande. Ha gau, wanda za ka gani farare tas da jatan lande zalla, a al'adance ana cuɗa cikinsa da ɗan kitsen alade don ya yi taushi. Dan tat kuwa, ɗan kek mai ƙwai a tsakiya, sau da yawa da man alade ake murza ɓawonsa. Kuma idan ka ga kalmar "nama" ita kaɗai a takardar abincinsu, ba a ce na saniya ko na kaza ba, to alade ake nufi.

Na taɓa shiga wani gida da abokan tafiya biyu, muka nuna ƙwallayen naman saniya a hoto muna ganin mun tsira. Allah ya sa tafintanmu ya iso kafin mu kai hannu, ya tambayi mai sabis, aka ce ai da kitsen alade ake haɗa su. Muka biya kuɗin shayi da na abin da ba mu ci ba, muka fito. Tun ranar na daina dogara da tambayar "akwai alade a wannan?" Mai sabis zai ce babu, kuma ba ƙarya yake yi ba, tsokar nama yake nufi, bai lissafa kitse da romo da giyar shinkafa da ake zuba wa girki ba. Ga kuma maganar yanka a kan kaza da saniya.

Mafita ita ce gidan da shi kansa na halal ne. A Guangzhou wanda na fi zuwa shi ne Huimin Fandian, ma'anar sunan gidan abincin Hui, wata ƙabilar Musulmi ta Chaina, a kan titin Zhongshan na shida, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ximenkou. Tun 1956 yake, kuma daga nan da ƙafa ake zuwa masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan Chaina. Girkin na mutanen Guangzhou ne sak, sai dai saniya da rago da kaza ne suka maye gurbin alade. Za ka tarar tsofaffin unguwa sun cika tebura, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, kuma wannan ita ce alamar da nake nema a kowane gida: inda tsofaffin gari suke zuwa kowace safiya da kuɗin fansho, farashi ba ya hauka.

Idan hanya ta kai ka Hong Kong, ka nemi Islamic Centre Canteen, a hawa na biyar na ginin Masallacin Ammar da ke titin Oi Kwan a Wan Chai. Wurin ba shi da ado, amma siu mai ɗinsu na kaza ya isa a yi tattaki dominsa. Ka dai tuna bizar Chaina daban, izinin shiga Hong Kong daban.

Kuskuren da baƙi suke yi: ganin alamar 清真 a Xiaobei sai su shiga suna tambayar dim sum. Yawancin waɗannan gidajen na mutanen arewa maso yammacin Chaina ne, taliya da tsire da gurasa suke yi. Halal ne, amma wani girki ne daban.

Wanda alade bai dame shi ba, duk garin nasa ne, sai ya tsallake zuwa mataki na gaba.

2. Lokacin zuwa

Dim sum abincin safe ne zuwa bayan azahar. Gidaje da yawa suna rage farashi ga wanda ya zo da sassafe ya biya kafin cunkoson rana, wasu kuma suna ragewa daga wajen ƙarfe biyu na rana. Ana liƙa sanarwar a bakin ƙofa, ka haska da waya ka karanta, ka lura da kyau ko lokacin biya ake nufi ko lokacin zama. Ni safiyar ranar aiki na fi so, domin abin yana fitowa daga wuta kai tsaye. Asabar da Lahadi iyalai ne suke cika wuri, sai an karɓi lamba an yi layi, kuma rangwamen yakan ɗauke. Haka lokacin baje kolin Canton Fair, a watannin Afrilu da Mayu, da Oktoba zuwa farkon Nuwamba, garin cike yake da baƙi.

Idan aka haɗa ku tebur da waɗanda ba ku sani ba, al'ada ce, kowa da takardar lissafinsa. Kada ka nemi ɗaki na musamman, domin irin waɗannan ɗakuna sukan zo da ƙa'idar mafi ƙarancin abin da za a kashe.

3. Shayi da abin da aka ajiye a tebur

Tambayar farko da za a yi maka ita ce wane shayi kake so. Kuɗin shayi a kan kowane mutum ake lissafa shi, ko ya sha ko bai sha ba, kuma ƙarin ruwan zafi kyauta ne har ku tashi. Don haka ku sha. Lemon kwalba a nan ɓarnar kuɗi ce, ya kuma cika ciki a banza.

Zaɓi daga na gida masu araha. Po lei, wanda wasu suke kira pu'er, baƙi ne mai ƙamshin ƙasa, yana wanke maiƙo daga baki. Hong pin shi ne mai furen yasmin, ya fi sauƙin sha ga sabon shiga. Guk fa busasshen fure ne zalla, ga wanda shayi yake hana shi barci. Babu sukari, babu madara, kuma bayan kwando na biyu za ka gane dalili. Idan aka miƙo maka wata takarda daban mai jerin shayi masu tsada, ka nuna mafi araha ba tare da jin kunya ba.

Za a kawo babban kwano babu komai a ciki. Na wanke kayan ci ne: ka zuba shayin farko mai zafi a kan kofi da ƙaramin kwano da cokali da tsinkayen cin abinci, ka juye ruwan a babban kwanon. Kowa yana yi, ba raini ba ne ga masu gida.

Sai kuma ƙananan abubuwan da ka tarar ko aka ajiye ba ka nema ba: soyayyar gyaɗa, ɗan ganye mai tsami, ƙunshin tishu. A gidaje da yawa na kuɗi ne. Idan ba ka so, ka mayar tun kafin a taɓa. Kowannensu kuɗi kaɗan ne, amma su ne suke sa lissafi ya zo da abin da ba ka gane ba.

4. Karanta takardar farashi

Ba a cika sa wa kowane kwando farashinsa daban ba. An raba su aji-aji: ƙarami, matsakaici, babba, na musamman, da na ƙoli. Sunan ajin ba girman kwandon yake nufi ba, tsadar kayan haɗi da wahalar aiki yake nufi. Ha gau guda huɗu yana iya zama a ajin sama, burodi uku manya-manya suna ajin ƙasa. Farashin kowane aji yana rubuce a sama ko a ƙasan takardar.

Hanyoyin oda uku ne. A tsofaffin gidaje ana turo amalanke mai tururi, ka nuna, a ajiye maka, a buga hatimi a katinka a layin ajin abin. Wannan ya ragu sosai. Na biyu, takarda mai akwatuna, ka rubuta adadin da kake so da biro. Na uku, ka haska lambar da ke manne a tebur ka yi oda a waya. Idan wayar ta ƙi, ka nemi takarda, akwai ta.

Gargaɗi a kan takardar biro: adadin kwando ake rubutawa, ba adadin guda ba. Wanda ya rubuta 4 yana nufin guda huɗu, kwando huɗu za a jere masa.

5. Yi oda zagaye-zagaye

Ma'aunina shi ne kwando biyu da rabi zuwa uku ga kowane mutum, da abu ɗaya mai nauyi na tarayya. Mutum huɗu, kwando goma ke nan zuwa sha biyu. Amma kada a kira su lokaci guda. Dim sum da ya huce ya mutu: fatarsa ta yi tauri, maiƙonsa ya daskare, kuɗinka ya tafi.

Zagayen farko, kwando huɗu ko biyar, na abin da ba za ka iya yi a gida ba, tun baki yana da marmari. A nan ne ya cancanci a kashe kuɗin ajin sama. Ha gau da siu mai na gidan halal. Cong fan, wato ƙullin shinkafa da aka turara fale-fale aka naɗe da jatan lande ko naman saniya, aka kwarara masa ruwan waken suya mai ɗan zaƙi. Ƙwallon naman saniya mai ƙamshin ɓawon lemo. Sai fung zau, ƙafar kaza da aka soya sannan aka turara har fata tana zamewa daga ƙashi. Na san akwai masu kau da kai, amma wanda yake cin ƙafar saniya ba shi da dalilin gudun wannan, kuma tana cikin masu araha.

Zagaye na biyu shi ne na ƙoshi, a nan ake tsimin kuɗi. Lo mai gai, shinkafa mai danƙo da kaza a naɗe cikin ganye mai kama da na bado, ana buɗe shi kamar alala, ƙamshin ganyen ya shige ta. Guda ɗaya yana riƙe ciki fiye da ha gau kwando biyu. Bau, turararren burodi mai laushin alkubus, da nama a ciki. Juk, faten shinkafa mai ruwa-ruwa, babban kwano ɗaya ya ishi mutum uku su raba. Faranti ɗaya na ganye, gai lan ko coi sam, yana da ɗan tsada idan ka dubi abin da ke cikinsa, amma ba na barinsa, shi ne yake sa a iya ci gaba.

Daga nan a tsaya, a sha shayi minti goma, a tambayi juna. Sau da yawa za a ga an ƙoshi. Idan da sauran wuri, zagaye na uku na zaƙi ne: dan tat da zafinsa, ma lai go wanda kek ne turararre mai launin ƙasa, ko jin doi, ƙwallon garin shinkafa soyayye da riɗi a bayansa. Akwai kuma bau mai narkakken gwaiduwar ƙwai a ciki. A ɓare shi da hannu a kan kwano, kada a gatsa kai tsaye, yana ƙona baki.

Abin da nake gudu: duk wani mai sunan abalon (wani dodon koɗi na teku) ko fiffiken kifin shak ko ganyen zinare a kai, ɗan ɗigo ne aka ɗora don a ninka farashi. Haka gasasshen agwagwa da kifi mai rai na cikin tanki. Suna da daɗi, amma ba sa cikin tsarin ajin dim sum, kifin ma da awo ake sayar da shi, kuma shi kaɗai yana iya fin kuɗin duk abin da kuka ci.

Ga misali don ka ga yadda lissafin yake tafiya, farashin na kwatance ne kawai. A ce shayi yuwan 6 ne a kan mutum, ku huɗu, 24 ke nan. Kwando uku na yuwan 12, huɗu na 18, uku na 24, sun tashi 180. Kwanon fate ko soyayyar taliya na 40. Jimla 244, kowa ya ba da 61, kuma kowa ya ɗanɗana abu sha ɗaya. Cire mutum uku ka bar ɗaya da wannan 61 ɗin, abu uku kawai zai gani.

6. Gane mai kyau da wanda aka ɗumama

Ha gau shi ne ma'aunin gida. Ɗaga shi da tsinke: fatar ta kasance siririya har kana hango jan jatan lande, ba ta manne a kwando ba, ba ta yage ba. Ka gatsa ka ji jatan landen yana ɗan ƙaras a haƙori. Idan fatar ta yi kauri kamar tuwo, ko ka ga ruwa ya taru a ƙasan kwandon, to ya daɗe a kan tururi ko daga firji ya fito. Da ka ga haka a zagayen farko, kada ka ƙara kuɗi a ajin sama, ka koma kan fate da burodi, gobe ka canja gida. Wannan ma yana cikin amfanin rashin yin oda gaba ɗaya.

7. A kan tebur

Ka zuba wa na kusa da kai shayi kafin kanka. Idan aka zuba maka, ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu sau biyu, godiya ke nan, ba sai ka katse magana ba. Ruwa ya ƙare a buta, ka ɗaga murfin ka jingine shi a bakinta, mai sabis zai gani ya cika. Kada ka soka tsinkaye a tsaye cikin abinci, a wurinsu yana kama da turaren da ake kunna wa mamaci. Ƙashi kuma a faranti ake ajiye shi, abinci a ƙaramin kwano.

Tsinkayen sun gagare ka? Nemi cokali mai yatsu, babu mai kallonka. Burodi da dan tat da hannu ake ci. Ka ɗanɗana abu kafin ka tsoma shi a man barkono, domin an riga an daidaita gishirinsa. A gidan da ba na halal ba kuma, ka sani miyar da ake kira XO tana da busasshen naman alade a ciki.

8. Biya

Ka ɗaga hannu ka ce "mai dan", wato a kawo lissafi. Kafin a kwashe kwanduna ka ƙirga su, ka gwada da hatimin kati ko jerin da ke takarda, ka duba adadin mutanen da aka sa wa kuɗin shayi, ka duba ko abin da ka mayar ya fita daga lissafi, ko wani abu da ka nema bai zo ba. Kuskure yakan faru a lokacin cunkoso, kuma nunawa da yatsa ya isa a gyara. A Guangzhou ba a bar wa mai sabis kyauta a tebur. A Hong Kong yawancin gidaje suna ƙara kashi 10 cikin 100 na hidima a kan lissafi. Idan akwai ɗan gari a tare da ku, ya duba manhajar Dianping ko Meituan a wayarsa kafin a biya, sau da yawa akan samu takardar rangwame ta gidan.

Abin da ya rage, ka ce "da bau" a ƙunshe maka, wani wurin da ɗan kuɗin roba. Burodi da lo mai gai da ma lai go suna jure ɗumame. Ha gau da cong fan ba sa jurewa, a cinye su a nan.

Idan wani abu ya rasa

Ba ka samu abokan ci ba: yi irin na tsofaffin garin, waɗanda suke cewa kofi ɗaya da kwano biyu. Shayi, abu ɗaya mai kyau, abu ɗaya mai riƙe ciki. Gobe ka dawo ka canja biyun.

Abokin ciniki ya gayyace ka gidan da ba na halal ba, kuma ƙin zuwa zai yi nauyi: ka gaya masa tun a waya, ba a tebur ba. Mutanen Guangzhou sun saba da baƙi Musulmi, da yawa da kansu za su canja wuri. Idan bai yiwu ba, ka tsaya kan shayi, da farin fate marar komai, da jatan lande da aka dafa a ruwa zalla da ɓawonsu, da ganye da ka roƙa a dafa ba mai ba miya.

Hanyarka ta Maleshiya ce: a Kuala Lumpur dim sum na halal yana da yawa, ka nemi tambarin JAKIM, hukumar da ke ba da shaidar halal a ƙasar, a ƙofa. Rubutun "babu alade" shi kaɗai bai kai wannan tambarin ba.

A gidajen abincin Chaina na Abuja ko Legas kuwa, inda aka fi sa dim sum a matsayin abin buɗe ciki, ka yi tambaya biyu kafin oda: guda nawa ne a faranti, kuma a nan ake naɗe shi ko daskararre ake sayowa. Ka fara da faranti ɗaya na mai jatan lande ko kaza, bayan ka tabbatar da abin da aka cuɗa a ciki, ka ɗaga shi da tsinke ka duba fatar kamar yadda na faɗa a mataki na shida, sannan ka yanke ko za a ƙaro.